Daddawar Hamdiyya Da Komitin Jabu

Ni ce Hindatu ta Bande. Shekara uku na yi a lakwal, makarantar boko ke nan, kafin a ce karatun ya isa haka, saboda haka wanda ya ga rubutuna ya karkace sai ya yi haƙuri. Mutane suna cewa ina da tsegumi. Ina da shi, wajen kakata na gaje shi, kuma ban taɓa jin kunyarsa ba. Wannan labarin ma na zauna rubuta shi ne don na ji an soma karkata shi a gidajen suna, ana ba wasu ƙattai yabon abin da ba su zubar wa gumi ba.

Aminiyata Hamdiyya daddawar batso take yi tun muna amare. Ga wanda bai sani ba, da gurguzu ake yin ta, wato 'ya'yan yakuwa. A dafa shi wuni guda, a rufe shi ya kwana biyu, a daka da ruwan toka, a sake rufewa har ya yi warin nan da ke korar baƙo ya kira ɗan gida. Sannan a cura, a shanya. Rabin matan Bande sun iya wannan, ni ma na iya. Amma ta Hamdiyya in kika jefa ta a miyar kuka, sai maƙwabta sun leƙo gaisuwar da ba ta da dalili.

Kowane curi in ta gama mulmula shi, sai ta danna babban yatsanta na dama a tsakiya kafin ta ajiye a tabarma, don cikin ya yi saurin shan rana. Yatsan kuwa yana da tabo. Tana yarinya lauje ya tsaga shi wajen yankan ciyawa, ya warke da zane uku kamar sawun kaza. Haka daddawar ke bushewa da sawun kazar nan a cibiyarta. Mu da muka saba gani shekara arba'in, wa zai tsaya kallo? Jefawa muke a turmi kawai.

'Yarta Balkisu tana aure a Yamai. Ita ce ta zo ganin gida wata shekara, ta ɗauki hoton daddawar tana shanye, ta sa a salularta maƙwabtanta suka gani. Daga nan aka soma aike. Yamai, Agadas, har 'yan ci-ranin da suka haura arewa. Hamdiyya ta ƙulla a kwali ta ba direba, shi ke nan. Ba rubutu, ba komai. Kowa dai cewa yake a aiko mini da daddawar Hamdiyya.

Sai ga Muttaƙa.

Muttaƙa ɗan ƙanen mijinta marigayi ne. Shekara biyu ya yi a ɗakinta yana ƙarami lokacin da uwarsa ta kwanta jinya. Yanzu yana da shago a Magarya, da ordinatar, wato kwamfuta, da injin buga takardu, yana sa tabarau alhali idonsa ya fi nawa lafiya. Ya riƙa zuwa gaisuwa kowane mako, mutumin da ko da Sallah sai an aika masa. Ya ci tuwo, ya side yatsa, ya yi ta tambaya. Inna, su wa ke saye a Agadas? Inna, wane direba ke kai miki? Na ce mata, “Hamdiyya, kare ba ya zuwa masallaci don salla.” Ta ce in bar yaro, zumunci yake yi.

Bayan wata huɗu wata mata daga Agadas ta aiko da murya a salula. Ba zan rubuta abin da ta ce ba, ina da jikoki masu karatu. Taƙaitawa dai, ta sayi daddawar Hamdiyya a intanet, an kawo mata cikin leda mai rubutu da hoto, ta sa a miya, miyar ta koma kamar kunun dusa, mijinta ya ture kwano gaban baƙi. Ba ita kaɗai ba ce. A mako guda murya biyar muka saurara, Hamdiyya tana riƙe da baki.

Balkisu ce ta bi sawu ta gano. Ta ce, “Inna, suna a intanet kamar rumfar kasuwa ne. Wanda ya riga ya kama, ya yi haya, shi ne mai ita. Yaya Muttaƙa ya kama sunanki, ya buɗe abin da ake kira sit, ya ɗauki hoton da na yi ya liƙa. Duk wanda ya nemi daddawar Hamdiyya, rumfarsa yake faɗawa.”

To, a shekarar ne gwamnati ta ce ta gaji da jabu, da masu satar fim da waƙa, da masu kama sunan mutane a intanet suna ciniki da shi. Aka kafa komite, aka turo reshensa Magarya. Kwana uku suka yi suna atiliye, wai taron bita, a ɗaki mai sanyi suna cin kaji, kowa ya fito da riga mai rubutu da sabuwar jaka. Aikinsu na fari, suka faɗa wa masu tura fim a salula na bakin tasha, suka kwashe musu ordinatar biyu. Da la'asar direban perzidan ɗin komite, wato shugabansu, ya koma wajen wanda aka bari, ya ce a zuba wa maigida sabon fim. Matar mai shayin tasha ce ta gaya mini, ita kuwa ba ta ƙarya sai a kan shekarunta.

Duk da na san wannan, ni da bakina na ce wa Hamdiyya mu kai ƙara. Wannan laifina ne, na rubuta shi da hannuna. A rediyo na ji suna cewa duk wanda aka sace wa suna ya zo, ƙofa a buɗe take. Na manta tarko ma ƙofarsa a buɗe take.

Muka shiga mota muka tafi Magarya. Perzidan ɗin Manzo sunansa, gajere mai tumbi, da alƙalami uku a aljihu wanda ko ɗaya ban ga ya yi rubutu da shi ba. A gefensa sakatariyarsa Madam Mas'uda, ta sha jan baki, tana duban takalmanmu kamar mun taka wani abu.

“Ranka ya daɗe, ƙara muka kawo,” na ce.

“Ku yi sauri, Iya, ina da taro. Wace ce mai ƙarar?”

“Ni ce. Hamdiyya.”

Ya ɗaga kai. Ya dubi Madam. Madam ta jawo wani jan dosiye cike da takardu ta ajiye masa.

“Ke ce mai daddawa a Bande?”

“Ni ce, ranka ya daɗe.” Har da gyara mayafi, baiwar Allah, tana zaton sunanta ne ya yi nisa.

“Madalla. Kin hutar da mu neman ki. An riga an kawo ƙararki. Mai kamfanin Daddawar Hamdiyya, Malam Muttaƙa, yana da sertifika mai shaida sunan nasa ne, yana da sit, yana da hatimi. Ya ce wata mata a Bande tana sayar da kaya da sunan kamfaninsa, a kwando, ba leda, ba takarda, ƙuda na bi. Ke me kike da shi?”

Hamdiyya ta dubi hannuwanta. Can ta ce, “Ina da tukunya.”

Madam ta yi dariya ta hanci.

Na ce, “Ɗana, sunan nan ranar suna aka raɗa mata shi, aka yanka rago. Lokacin uban Muttaƙa ma bai soma sa wando ba.”

“Iya, doka ba ta san rago ba. Takarda ta sani.”

Kashegari da hantsi sai ga motarsu a ƙofar gidan, da jandarma ɗaya yana hamma. Kwando shida na daddawa suka fitar, gurguzun shekara ɗungum, wanda ta shuka a gefen gonar gero ta roro da hannunta. Madam ta toshe hanci da mayafi tana rubutu da ɗaya hannun. Da ta gama, Manzo ya ce, “Ta iya sa hannu?”

“Ina fa, perzidan. Irin waɗannan sai dangwale.”

Ta kama hannun Hamdiyya da yatsu biyu kamar mai ɗauke mataccen ɓera, ta tsoma babban yatsan a tawada, ta danna a takarda biyu. Ɗaya tasu, ɗaya tata. Manzo ya ce nan da kwana takwas, ranar kasuwar Magarya, za a tara duk jabun da aka kama a ƙone gaban manyan baƙi daga Damagaram, da rediyo da tele, kuma za a karanta sunan kowane mai jabu a mikro don ya zama darasi.

Suka tafi. Hamdiyya ta jefar da takardar kusa da murhu. Ni kuwa ba na barin takarda a ƙasa, ko ta ƙosai ce sai na duba abin da ke ciki. Na ɗauka na ƙulle a haɓar zanena.

Kwana biyu bayan haka mara kunyar nan Muttaƙa ya zo jaje. Ya tsuguna a bakin ƙofa, ya cire tabarau yana goge su da riga.

“Inna, wallahi ban so abin ya kai haka ba. Amma akwai gyara. Ki dawo ƙarƙashin kamfani. Ke ki riƙa yi, ni in riƙa zubawa a leda. Gobe-gobe in je in sa a goge sunanki daga takardar da za a karanta.”

“Muttaƙa,” ta ce, “da wannan hannun na wanke maka kashi.”

“Inna, ai zamani ne.”

Na ce, “Tashi ka ba mu wuri, ɗan tabarau. Tuwon da ka cinye mata wata huɗu, shi ma ka yi masa sertifika?”

“Gwaggo Hindatu, ba da ke nake ba.”

“Ni da kai nake. Fita kafin in tuna maka shekarunka nawa ka daina fitsarin kwance.”

Da ya fita, Hamdiyya ta tashi ta ɗauki babbar tukunyar dahuwar gurguzu, ta kife ta a bayan ɗaki, ta ɗora dutse. Ta ce, “Hindatu, in aka kira sunana a mikro aka ce mai jabu, tukunyar nan ta kifu ke nan har in mutu. Kasuwa ma ba zan ƙara takawa ba. Da wane ido?”

Na san ta. Shekara goma sha ɗaya ba ta yi wa ƙanwarta magana ba a kan ludayi. In ta faɗa, ta faɗa.

Kwanakin da suka rage na yi abin da na iya. Na koma Magarya na zauna wajen wata mai wankau da ke katanga ɗaya da gidan da Muttaƙa ya kama haya. Goro ɗaya ya ishe ta. Ta ce gurguzu kaɗan suke sawa don wari, sauran duk dusar dawa ce, a baɗa toka ta yi baƙi, a cura, a danna da gindin kwalba. Na ɗauki zancen da zafinsa na kai wa Manzo. Ya ce, “Kina da takarda?” Na ce ina da mai wankau. Ya sa aka raka ni ƙofa.

Ranar ƙonawa Hamdiyya ta ce ba inda za ta. Na ce, “Tashi. In za a haƙa miki rami, gara ki je ki ga zurfinsa.” Da ƙyar na ja ta, ta lulluɓe har hanci kamar mai takaba.

Filin ya cika. An kafa rumfa, an jera kujeru, manyan baƙi sun zauna suna shan ruwan gora. A tsakiya an tara tulin jabu: magunguna, batura, takalman roba, katunan fim, ga kwandunan aminiyata a can ƙoli kamar su ne sarakunan laifi. Kuma wa zan gani a cikin rumfa, a layin gaba, ya sha shadda? Muttaƙa. An gayyace shi a matsayin ɗan kasuwa abin koyi. Har tebur aka ba shi, ya jera ledojinsa, da buhu uku a ƙasa wanda zai raba wa manya tsaraba.

A bayan rumfar an ɗaure wani ƙaton banderol, wato ƙyallen nan mai hoto da rubutu, ya kai faɗin ɗaki. Komite ne ya buga shi don a koya wa talakawa irinmu bambanta kaya. Gefe ɗaya hoton kwando, an gicciya masa jan layi. Ɗaya gefen hoton daddawa a shanye, an yi mata koren maki. Ina karatu a hankali, harafi-harafi. Ƙarƙashin kwandon: JA-BU. Ƙarƙashin ɗayan: NA GAS-KE.

Abin da ya fara kama idona ba daddawar ba ce. Tabarmar ce. Tabarmata ce, mai ƙunar garwashi a gefe, wadda Hamdiyya ta ara shekara uku da suka wuce ba ta maido ba. Na buɗe baki zan yi mata gori, sai idona ya hau kan curin. An buɗa hoton har kowane curi ya kai faifai. A cibiyar kowanne, ga sawun kaza, zane uku, ɓaro-ɓaro, makaho ma ya shafa ya ji.

Na taɓa haɓar zanena. Takardar tana nan.

Manzo ya yi jawabi da Faransanci har wani babban baƙo ya soma gyangyaɗi, ya sake yi da Hausa, ya ce komite ba ya barci, idonsa ya kai har cikin intanet. Sannan Madam ta miƙa masa takardar sunaye. Hamdiyya ta damƙe mini hannu. Manzo ya gyara murya.

Sai na saki guɗa.

Rabona da irinta tun auren Balkisu. Na ja ta har sai da jakunan bakin kasuwa suka amsa. Mai kamarar tele ya juyo. Jandarma ya taso zai kama ni, sai dattijon da ke tsakiyar manyan baƙi, mai farin gemu, wanda guɗar ta tayar daga gyangyaɗi, ya ɗaga hannu ya ce a bar ni.

“Iya, lafiya?” in ji shi.

“Murna nake, ranka ya daɗe. Tambaya ɗaya gare ni ga perzidan, don mu jahilai mu ƙaru. Wancan hoton mai koren maki, daga ina ya fito?”

Manzo ya yi murmushin da ake yi wa mahaukaci. “Daga sit ɗin kamfani, Iya. Shi ne kuma a cikin dosiye, manne da sertifika.”

“To shi ne na gaske?”

“Ga shi a rubuce.”

“Kunnena ya tsufa, ɗana. Faɗa a mikro.”

Mutane suka yi dariya. Shi kuwa ganin kamara tana kansa, ya matsa bakinsa ga mikro ya ce, “Abin da ke wannan hoto shi ne daddawa ta gaske. Duk wadda ba ta yi kama da shi ba jabu ce.”

“Allah ya yi maka albarka.” Na kwance haɓar zane, na warware takardar, na kai wa mai farin gemu. “Ranka ya daɗe, hatimin wa ke nan?”

“Na komite ne.”

“Wannan dangwalen fa? Madam, zo ki gaya musu yatsan wa kika tsoma a tawada, kina toshe hanci.”

Madam ta ce ita ba ta riƙe fuskar kowa. Na ce ba fuska na tambaya ba. Na jawo Hamdiyya, na ɗaga hannunta sama kamar ɗan damben da ya yi kisa, na miƙe babban yatsan. Dattijon ya dubi yatsa, ya dubi takarda, ya juya ya dubi banderol. Ya sa aka sauko da kwando ɗaya daga kan tuli, ya ɗauki curi, ya juya shi. Ya ɗauki wani. Ya ɗauki na uku. Duk sawun kaza.

“A kawo na kamfani,” ya ce.

Ai ban jira a kawo ba, ni na je teburin na yage leda da haƙorina biyu da suka rage. Cibiyar curin zagaye ce sumul, har da 'yan ɗige-ɗigen gindin kwalba. Na murza shi a tafin hannu, ya wargaje kamar busasshen kashin shanu, iska ta kwashi dusar ta zuba wa wani babba a kan hula.

Muttaƙa ya miƙe. “Ranka ya daɗe, yanzu inji muke amfani da shi. Hoton na talla ne kawai.”

“Injin kwalbar lemo?” na ce. “Mai wankau tana nan a bayanka, in kira ta?”

Wata mai tallan fura daga cikin taro ta ɗaga murya, “Ka nuna yatsanka mana, mai kamfani!” Sai mata suka ɗauka, nuna yatsa, nuna yatsa. Ya cusa hannuwa biyu a aljihun shadda, ya koma ya zauna, tabarau ya zamo masa har kan hanci.

Dattijon ya ɗan gutsuri ta Hamdiyya ya sa a harshe, ya lumshe ido. Ya shinshina ta ledar, ya ajiye nesa da shi. Sannan ya zuba wa Manzo ido.

To a nan ne na ga abin da ban taɓa gani ba, ni da na ga abubuwa. An ce tabarmar kunya da hauka ake naɗe ta. Manzo da mikro ya naɗe tasa. Ya share gumi, ya ce, “Jama'a, kun ga aikin komite da idonku! Da gangan muka shirya wannan. Mun daɗe muna bin sawun wannan mutum a intanet. Mun gayyato shi nan ne don ya shigo da ƙafarsa, da kayansa, a gaban shaidu. Ita kuwa Hajiya Hamdiyya, mun adana mata kayanta ne don kada a taɓa su.”

Adana. A ƙolin tulin da aka riga aka yayyafa wa isansi, wato fetur, a gindi. Hajiya kuma, matar da iyakar tafiyarta Damagaram, shi ma ciwon haƙori ya kai ta. Kuma wallahi aka tafa masa. Manya suka tafa, Madam ta tafa har da tsayawa. Na duba in ga ko dattijon zai yi magana, sai na ga shi ma yana tafawa a hankali, yana kallon ƙasa. Kamara tana ɗauka, kowa yana son ya koma gida da labari mai kyau.

Aka karanta sunayen. Na kasa kunne har ƙarshe. Babu Hamdiyya a ciki. Na ga Madam tana goge layin da alƙalamin Manzo, ashe ɗaya daga cikin ukun yana rubutu.

Aka sauko da kwanduna. Biyar. Na ce shida aka ɗauka, ga shi a takarda. Manzo ya ce ɗaya ya tafi laboratwar don bincike. Na san laboratwar ɗin. Tana bayan gidansa, tana da murhu uku, kuma duk unguwar sun shaida mako biyu ana bincike da miyar kuka.

Aka ɗora buhunan Muttaƙa a inda kwandunan suka tashi, aka ƙyasta ashana. Wanda ya kafa rumfar bai tambayi kowace mace inda iska ke kaɗawa a filin nan da azahar ba. Hayaƙin dusa da batso da takalmin roba ya taso baƙi ƙirin, ya yi kwana, ya shige rumfa kai tsaye. Manya suka watse suna tari, babbar riga tana harɗe ƙafa, wani ya bar takalmi ɗaya. Mu da ke tsaye a rana ko ƙwalla ba mu yi ba.

Muttaƙa an sa shi a mota gaban kamara. Kashegari an gan shi a shagonsa yana buga wa mutane takardu. Sit ɗin kuwa wata bakwai ya ƙara yi a intanet, da tabarmata a ciki, wai an rubuta wasiƙa Yamai ana jiran amsa. Balkisu ta ce ba wanda ya rufe shi, wa'adin hayarsa ne ya ƙare don kansa, Muttaƙa bai sabunta ba tun da babu mai saye. Mako guda bayan haka na ji a rediyo komite ya yi nasarar rufe wani babban sit na jabu a Magarya. Na kusa shaƙewa da goro.

Sun aiko wa Hamdiyya ta zo da hoto huɗu ta cike dosiye a kare mata sunanta. Ta ce wanda ya kai ƙafarsa buron nan, wato ofishinsu, sau ɗaya ya tsira, in ya koma shi ya so. Ba ta je ba. Yanzu a kasuwar Bande ba wadda ke sayen batso sai ta juya curi ta duba cibiya, har na Agadas an ce hoton cibiyar suke fara nema. Na ji an ce wata a Dungas ta yi tunanin yanka yatsanta da reza, mijinta ya hana.

Amma na tsallake. Ranar da muka dawo daga wajen ƙonawar a Magarya, rana ba ta faɗi ba muka iso. Hamdiyya ba ta ko cire mayafi ba ta zagaya bayan ɗaki, ta ture dutsen, ta tayar da tukunyar, ta leƙa ciki ta kore ƙadangare. Tana da ɗan gurguzun iri da ta ɓoye a tulu, komite bai gani ba don ba a rubuce yake ba.

“Hindatu, kin tsaya kallona? Miƙo itace.”

Na miƙa mata. Na zauna a kan turmi har wuta ta kama. Sannan na ce, “Hamdiyya, tabarmata fa?”

“Wace tabarma?”

“Wadda duk Magarya ta gani a banderol. Mai ƙuna a gefe. Shekara uku.”

Ta gyara itace, ta hura, ba ta ko ɗago kai ba.

“Kina da sertifika?”